Ciwon Suga Mai Tafiyar Hawainiya: Alamomin LADA da Kula da Masu Shi a Ƙasar Haɗejiya

Ciwon suga iri-iri ne, ko da yake a bakin jama'a sunansa ɗaya. Littattafan likitanci sun daɗe da raba shi gida biyu. Nau'i na ɗaya shi ne wanda garkuwar jiki ke juyowa ta hallaka ƙwayoyin bita, masu samar da sinadarin insulin a cikin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi. Ya fi kama yara da matasa, yana zuwa da gaggawa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allura. Nau'i na biyu ya fi kama manya, musamman masu ƙiba da teɓa. Jikinsu na samar da insulin, sai dai tsoka da hanta sun daina jin umarninsa yadda ya kamata, don haka ana iya shekara da shekaru ana riƙe ciwon da maganin sha da gyaran abinci.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani da ke shigowa cikin rigar na biyu alhali asalinsa na ɗaya ne. Baligi yake kamawa, yawanci wanda ya haura shekara 30. Yana farawa a hankali, har a ɗora mutum a kan maganin sha ya kuma karɓe shi na wani lokaci, amma a ɓoye garkuwar jiki tana cin ƙwayoyin bita kamar yadda gara ke cin itacen rufin soro. Ranar da abin da ya rage ya gaza ɗaukar nauyi, maganin sha ya daina ci, sai allura. Likitoci na kiransa LADA. Sunan ya yi kama da ladan da aka sani a Hausa, amma haruffan farko ne na sunansa na Turanci, wanda ke nufin ciwon suga na garkuwar jiki da ke ɓoye a jikin manya.

Yadda aka gano shi

Tun a shekarun 1970 masu bincike a Edinbura ta ƙasar Sikotilan suka lura cewa wasu manya da ake ɗauka masu nau'i na biyu ne suna ɗauke da antibodi a jininsu, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa, waɗanda a nan suka juya kan fankiriyas. Likitocin Japan ma sun bayyana irin waɗannan marasa lafiya a farkon shekarun 1980. A 1990 aka gano cewa ɗaya daga cikin abubuwan da makaman ke hari wani sinadari ne mai suna GAD, abin da ya sauƙaƙa awon jini ƙwarai. Sunan LADA ya fito a 1993 daga aikin Tiinamaija Tuomi da Leif Groop na Finlan da Paul Zimmet na Ostareliya. A 2005 aka tsayar da sharuɗɗa uku da har yau aka fi amfani da su: ciwon ya bayyana a shekara 30 ko sama, a sami aƙalla antibodi ɗaya a jini, kuma mutum ya yi wata shida bayan gano ciwon bai buƙaci insulin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rabe-raben da ta fitar a 2019, ta sanya shi cikin nau'o'in da suka haɗa siffofin ɓangarorin biyu.

Sharaɗi na uku yana da rauni, domin ya dogara ga shawarar likita fiye da halin ciwon. Inda insulin ke da tsada, ko marasa lafiya ke gudun allura, ana iya jinkirta ta shekaru ga wanda tun ranar farko yake buƙatarta. Wannan rauni ya fi fitowa fili a karkara.

Yawansa

Babban binciken ciwon suga na Birtaniya da aka sani da UKPDS ya nuna a 1997 cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan da aka ce suna da nau'i na biyu yana ɗauke da antibodi na GAD. Ga 'yan shekara 25 zuwa 34 adadin ya kai kashi 34 cikin 100, ga 'yan 55 zuwa 65 kuwa ya sauka zuwa kashi 7. Cikin masu ƙananan shekarun da ke ɗauke da antibodin, kashi 84 sun koma insulin kafin cikar shekara shida, yayin da kashi 14 kacal na marasa shi suka koma. Binciken ƙasashen Turai da aka wallafa a 2013, kan mutum sama da 6,000, ya sami kashi 9.7, na ƙasar Sin kuwa a wannan shekarar ya sami kashi 5.9.

A Najeriya, aikin da aka yi a Legas aka wallafa a 2012 ya sami kashi 14. Wanda ya fi kusa da ƙasar Haɗejiya shi ne na Salisu Mu'azu da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya fito a 2016: cikin marasa lafiya 200 da ake kula da su a matsayin nau'i na biyu, kashi 10.5 sun fito da antibodi na GAD. Tattara alƙaluman da Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokansa suka yi a 2018 ya ƙiyasta ciwon suga a kashi 5.77 na 'yan Najeriya, Arewa maso Yamma kuwa kashi 3. Adadin yankin ya fi na sauran ƙanƙanta, amma idan aka ɗauki ma'aunin Zariya, kowane layin masu suga da ya kai mutum talatin a Babban Asibitin Haɗejiya, ko a asibitocin Kafin Hausa da Birniwa da Malam Madori, zai iya ƙunsar mutum uku da ake yi wa maganin wani ciwo daban da wanda ke jikinsu.

Yadda yake bayyana

Siffar da ta fi yawa ita ce ta mutum mai shekara 35 zuwa 50, marar ƙiba, mai aikin ƙarfi. A ɗauki manomin rani a filayen ban-ruwa na Auyo, ko masunci a Guri ko Kiri Kasamma. Zai zo da ƙorafin yawan fitsari, ya tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, ga ƙishirwa da ba ta yankewa, ga kasala, mazagin wandonsa ya yi masa yawa. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, babu mai mamakin ƙishirwa, shi ya sa kan ɗauki watanni kafin ya nufi asibiti. Wani sai ya ga tururuwa ta taru inda ya yi fitsari. Awon jini zai tabbatar da suga: 126 ko sama kafin karin kumallo, ko 200 ko sama a kowane lokaci tare da alamomi, a ma'aunin miligiram da ƙananan na'urorin yatsa ke nunawa. Za a ba shi metfomin da gilibenkilamaid, ya ji sauƙi, ya koma gona.

Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya dawo, suga ya haura 300, nauyi ya ƙara raguwa. A nan ne aka fi yin kuskure. Malamin asibiti zai ce, "Malam, ka daina shan magani ke nan, ko ka koma wa tuwon shinkafa." Shi kuwa zai ce, "Wallahi likita, ban taɓa fashi ba." Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Za a ninka masa magani, a hana shi shinkafa da fura da kunu, ya koma wake da ganye, ya ci gaba da ramewa. Dangi su fara zancen tarin fuka ko ƙanjamau ko sammu, a shiga jiƙe-jiƙen garafuni da shuwaka da maɗaci. Ciwon kuwa na nan yana aikinsa, don abin da ya rasa shi ne insulin, kuma babu saiwa ko ganyen da ke maye gurbinsa. Zargin marar lafiya da sakaci kafin a tambayi ko maganin ya dace da ciwonsa zalunci ne, ko da ba a yi shi da niyya ba, kuma yana kore mutane daga asibiti.

A 2006 wasu likitoci a Melbon ta Ostareliya, ƙarƙashin Spiros Fourlanos, suka fitar da alamomi biyar da ake iya tantancewa da tambaya da sikeli kawai: ciwon ya fara kafin shekara 50; ya zo da alamomi masu ƙarfi na fitsari da ƙishirwa da rama; ma'aunin nauyi da tsawo bai kai 25 ba; mutum na da wata cutar garkuwar jiki; ko akwai irinta a danginsa. Wanda ya haɗa biyu ko fiye ya cancanci awon antibodi, kuma wannan tacewa ta kama tara cikin goma na masu LADA a binciken nasu. Cututtukan garkuwar da ake nufi sun haɗa da na maƙogwaro mai kawo maƙoƙo ko fitowar ido da bugun zuciya, da fararen tabo masu yaɗuwa a fata, da ƙarancin jini na rashin bitamin B12. Sai dai a fadama, inda yawancin manoma ba masu ƙiba ba ne, alamar nauyi ba ta rarrabe mutane sosai kamar yadda take yi a Melbon. Haka kuma ƙiba ba ta kore LADA; binciken Suwidin da Nowe ya nuna cewa ƙiba da rashin motsa jiki da yawan shan lemon kwalba suna ƙara haɗarinsa. Alamar da ta fi ƙarfi a aikace ita ce saurin gazawar maganin sha ga mutumin da ke shan sa tsakani da Allah.

Masu kama da shi

Ba kowane siririn mai suga ne ke da LADA ba, kuma a Afirka ta Yamma wannan gargaɗi na da nauyi. A 1968 Farfesa Babatunde Kwaku Adadevoh, mahaifin Dokta Stella Adadevoh da ta tare cutar Ebola a Legas a 2014, ya bayyana wasu manyan 'yan Najeriya da suga ke kamawa da tsanani, a sa musu insulin, bayan makonni ko watanni su daina buƙatarsa. Wannan nau'i yana tafiya akasin LADA: yana farawa da ƙarfi ya lafa, ba a kuma samun antibodi a cikinsa. Akwai kuma sugan da ke biyo bayan tamowa da yunwar ƙuruciya, wanda Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince a kira shi nau'i na biyar a taronta na Bankok a 2025. Akwai na lalacewar fankiriyas, mai zuwa da tsohon ciwon ciki da gudawa mai maiƙo. Akwai kuma wanda magungunan sitiroid ke tayarwa, irin su deksa da ake saya a kemis don ciwon jiki ko neman ƙiba. Tarin fuka da suga suna yawan haɗuwa, saboda haka duk mai suga da ke ramewa ya kamata a duba majinarsa, a kuma yi masa awon ƙanjamau.

Awo

Awo biyu ne ke da muhimmanci, kuma tambayoyinsu daban. Antibodi na GAD yana faɗin sanadin ciwon. Shi ne aka fi samu a LADA, sau da yawa shi kaɗai. Sauran su ne IA-2 da ZnT8. Yawansa na da ma'ana: mai adadi babba, ko mai antibodi biyu ko uku, ya fi kama da nau'i na ɗaya kuma ya fi saurin komawa allura. Mai ɗan kaɗan sau da yawa tafiyarsa irin ta nau'i na biyu ce. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na masu lafiya ma yana iya fitowa da sakamako mai nuna akwai, don haka awon kowa da kowa ba tare da dalili ba zai tara sakamakon ƙarya. Wannan ne ya sa wasu masana a Eksita ta Ingila ke ganin LADA gauraye ne na ainihin nau'i na ɗaya mai jinkiri da na biyu da awo ya yi wa ƙage. Muhawarar ba ta ƙare ba, amma darasinta a aikace a fili yake: a yi awon ga wanda alamominsa suka nuna.

Awo na biyu, si-feftaid, yana faɗin abin da ya rage. Wani gutsure ne da ke fita daga fankiriyas tare da insulin, ɗaya bisa ɗaya, don haka yawansa a jini madubi ne na insulin ɗin da jiki ke samarwa da kansa. Matsayar da ƙwararru na ƙasa da ƙasa suka fitar a 2020, ƙarƙashin Raffaella Buzzetti ta Rum, ta ɗora magani a kansa. Ƙasa da 0.3 a ma'aunin nanomol, a bi da mutum kamar mai nau'i na ɗaya. Tsakanin 0.3 da 0.7, a ci gaba da wasu magunguna ana maimaita awon duk wata shida. Sama da 0.7, a bi tsarin nau'i na biyu ana sa ido. Ana ɗiban jinin ne tare da awon suga, ba a kuma yin sa cikin mako biyu bayan suga ya yi mummunan tashi, domin a lokacin ƙwayoyin bita a galabaice suke.

Akwai tarko biyu da suka shafi wannan yanki. Ƙoda ce ke fitar da si-feftaid daga jini, don haka mai ciwon ƙoda zai nuna adadi sama da gaskiyarsa. Kwarin kogin Haɗejiya, daga garin har Gashuwa a jihar Yobe, ya yi suna wajen yawan ciwon ƙoda, saboda haka sakamakon si-feftaid ba tare da awon ƙoda ba rabin labari ne. Na biyu, awon HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya dogara ga tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini. Amosanin jini, zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, ƙarin jini da ƙarancin jini duk suna karkatar da shi. Inda sakamakonsa ya saɓa wa awon yatsa da halin marar lafiya, awon yatsa ne abin bi.

Awon antibodi da si-feftaid aikin manyan ɗakunan gwaji ne, irin waɗanda ake nema a Kano, kuma kuɗinsu da na mota sun fi ƙarfin yawancin manoma. Hanya mafi sauƙi ita ce jini ya yi tafiyar maimakon mutum: a ɗiba a Haɗejiya, a tace, a aika cikin sanyi a rana ɗaya tsayayya. Inda hakan ma bai samu ba, sikeli da littafin rajista da ɗan tsinken awon kiton a fitsari, wato gubar da ke taruwa idan jiki ya rasa insulin, suna yin aiki babba. Mutumin da nauyinsa ke sauka ziyara bayan ziyara, sugansa na sama duk da magani biyu, fitsarinsa kuma na nuna kiton, yana buƙatar insulin yau, ko wane suna ciwonsa ke da shi.

Magani

Maganin da ya fi araha a kasuwa shi ne ya fi rashin dacewa. Gilibenkilamaid da 'yan uwansa na gidan salfonilyuriya suna aiki ne ta hanyar matsa wa ƙwayoyin bita su fitar da insulin, kamar a yi ta bulalar jakin da ya riga ya gaji. A binciken Tokiyo da aka wallafa a 2008, an bi mutum 60 masu antibodi na GAD har shekara biyar. Cikin 30 da aka ba salfonilyuriya, 13 sun kai ga dogara kacokan ga insulin. Cikin 30 da aka fara wa insulin da wuri, 3 ne kawai. Binciken ƙarami ne, amma matsayar 2020 ta ba da shawarar guje wa wannan gida na magani ga mai LADA. Gilibenkilamaid na da wani haɗarin kuma: a jikin mai raunin ƙoda yana taruwa ya faɗar da suga na tsawon sa'o'i.

Metfomin ba ya hana ciwon ci gaba, amma yana taimakon mai ƙiba da wanda jikinsa ba ya jin insulin. Ana rage shi idan aikin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 45, a daina idan ya sauka ƙasa da 30, a kuma dakatar da shi duk lokacin amai da gudawa, waɗanda ke yawaita bayan ambaliya. Sitagiliftin da danginsa ba su cika faɗar da suga ba, kuma wani gwaji a Nowe da Suwidin da aka wallafa a 2019 bai ga bambanci tsakaninsa da insulin na farko-farko ba wajen kare ƙwayoyin bita cikin wata 21. Alluran GLP-1 suna aiki muddin akwai sauran insulin a jiki, sai dai tsadarsu. Magungunan da ke zubar da suga ta fitsari, irin su dafagiliflozin, suna iya jefa mai ƙarancin insulin cikin gubar kiton alhali na'ura na nuna suga bai yi yawa ba. Ba su dace da siririn mutum da ake zargin LADA ba, balle mai yini cikin rana yana zufa.

Insulin shi ne makoma ga mafi yawansu. Ana iya farawa da allura ɗaya da dare, kimanin yunit 10 na mai matsakaicin zango, ana ƙarawa a hankali bisa awon safe. Idan si-feftaid ya yi ƙasa, sai cikakken tsari: ko dai gaurayen nan na 30 da 70 sau biyu a rana, kusan kashi biyu cikin uku da safe, sauran da yamma, ko allura kafin kowane abinci tare da ta dare. Gaurayen ya fi sauƙin samu, amma yana ɗaure mutum ga cin abinci a kan lokaci. Lallai sirinji ya dace da ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, domin haɗa na 40 da na 100 na iya ninka adadi ko ya rage shi fiye da rabi.

Babban shinge shi ne tsoro. Magana ce da ta yaɗu cewa wanda aka fara wa allura ya zo ƙarshe. Tushenta a bayyane yake: an saba jinkirta insulin sai ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta tsaya, sai jama'a suka haɗa allurar da mutuwar da ta biyo baya. Maganin wannan shi ne a gaya wa marar lafiya tun ranar da aka fara zargin LADA cewa allura na nan tafe, kuma zuwanta ba laifinsa ba ne. Wanda ya fara insulin a kan kari yakan ga jikinsa ya murmure cikin makonni, ƙarfin riƙe fartanya ya dawo, kuma shaidarsa a majalisa ta fi wa'azin malamin asibiti tasiri. Haka nan mai LADA da ya rame ba ya buƙatar a ƙuntata masa abinci. Gero da dawa da wake da kifi da zogale abinci ne nagari. Abin da ake nema shi ne daidaita yawan tuwo da adadin allura, da barin lemon kwalba da shayi mai sukari.

Insulin a fadama

Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, wanda aka buɗe kuwa ana amfani da shi kimanin mako huɗu. Rashin firji bai kamata ya hana rubuta shi ba. Gwajin da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF da Jami'ar Janeba suka yi, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, aka wallafa a 2021, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Bazarar Haɗejiya tana wuce haka, kuma ɗakin kwano ya fi waje zafi, don haka ana buƙatar dabara. Dabarar kuwa ta gida ce. Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya. A sami tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Kwalbar insulin ta shiga cikin ɗan gwangwani ko roba mai murfi kafin a sa ta ciki, don kada ruwa ya taɓa bakinta. Gwajin da aka yi a Khartum aka wallafa a 2016 ya tabbatar tukwane irin waɗannan na rage zafi sosai. Sun fi aiki a busasshiyar iskar rani, lokacin da aka fi buƙatarsu. Da damina sanyinsu kan ragu. Ƙanƙara kuwa maƙiyiya ce, domin insulin da ya daskare ya lalace.

Ambaliya matsala ce ta daban. A 2018 da 2020 da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya kuma yanke hanyoyi a ƙananan hukumomin masarautar Haɗejiya, wasu ƙauyuka sai da kwale-kwale. Mai nau'i na biyu da maganinsa ya yanke mako biyu zai wahala. Mai LADA da insulin ɗinsa ya ƙare yana iya shiga gubar kiton cikin kwana ɗaya ko biyu: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bushewar jiki, sai suma. Tun da an san Agusta da Satumba ne watannin haɗari, ya dace kowane asibiti ya riƙe sunayen masu allura na yankinsa, a ba su na wata biyu kafin ruwa ya cika, a kuma sa insulin da sirinji cikin kayan agajin gaggawa. Ƙa'idar ranar ciwo ita ce ba a daina insulin don zazzaɓi ko rashin cin abinci. Ana yawaita awo da shan ruwa, a nemi asibiti idan amai ya ƙi tsayawa.

Faɗuwar suga ita ce ɗaya gefen. Rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa da ruɗewa alamominta ne, maganinta kuwa ƙwayar sukari uku ko huɗu ko cokali uku a ruwa nan take, sannan abinci. Ga masunci a tsakiyar ruwa ko manomi shi kaɗai a bakin injin ban-ruwa, ruɗewar minti biyar na iya zama ajali. Ya kamata sukari ko dabino ya zauna a aljihu, abokin aiki ya san alamomin, a kuma rage allurar safe a ranar aiki mai nauyi bisa shawarar likita. Kwinin, idan an yi amfani da shi don zazzaɓi, shi ma yana faɗar da suga, haka raunin ƙoda kan sa insulin ya daɗe a jiki har a buƙaci rage adadi.

Azumi

Mai LADA da ke kan metfomin kaɗai, sugansa a daidaice, yawanci yana iya azumi. Wanda ya koma allura sau biyu ko fiye yana cikin masu haɗari, musamman idan ya taɓa suma ko shiga gubar kiton a watannin baya, ko yana da ciwon ƙoda, ko mace mai ciki. Shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya, kuma bayanin ya fi shiga idan limami da likita suka faɗe shi da murya ɗaya. Wanda ya zaɓi yin azumin ana ganinsa mako shida zuwa takwas kafin watan, a sauya tsarin allura ta yadda babban kaso zai koma lokacin buɗa baki, a rage na sahur. Ƙa'idojin da masana ciwon suga da azumi suka fitar a 2021 sun ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi.

Illoli na dogon zango

Bin diddigin marasa lafiyar UKPDS na tsawon shekaru, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna masu LADA sun fi masu nau'i na biyu ƙarancin lalacewar ido da ƙoda a shekaru tara na farko, daga nan sai suka zarce su, kuma dalilin shi ne sugansu ya fi daɗewa a sama. Shekarun da ake ɓatawa ana ninka maganin da ba ya ci su ne ake biya daga baya da ido da ƙoda. Saboda haka duba bayan ido da awon ƙoda da na furotin a fitsari sau ɗaya a shekara wajibi ne tun daga farko. A ƙauyukan bakin ruwa, inda tsargiya ta zama ruwan dare, jinin da take sawa a fitsari yana ɓata awon furotin, don haka a fara maganinta sannan a maimaita. Hawan jini da kitsen jini ana yi musu magani kamar na kowane mai suga. Ana duba aikin maƙogwaro lokaci-lokaci, musamman ga mata da masu antibodi mai yawa. Ƙafa kuwa ana duba ta a kowace ziyara, a cire takalmi a leƙa tsakanin yatsu, domin mai aiki cikin taɓo da ciyawar kachala ba takalmi, jijiyarsa ta mutu, ƙaya ko ƙugiya na iya shigarsa bai ji ba sai gyambo ya kafu.